Gurbin Baffa Packie

Kilcar, Donegal
14 ga Mayu

Zuwa ga yayana Condy,

Gaisuwa ce daga ƙanwarka, da fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Lorraine da yara a can Perth. Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali, ya kuma sassauta maka ciwon gwiwar nan, ko da yake na san ba za ka je wurin likita ba sai an ɗauke ka ranga-ranga. Mu nan muna lafiya daidai gwargwado. Ruwa bai ɗauke ba tun Ista. Tumaki sun gama haihuwa, uku kawai muka rasa, mun gode Allah. Seamie ya shuka dankalinsa a makare, yana ta ɗora wa ruwa laifi, alhali ni da nake aure da shi shekara ashirin da takwas na san kujera ce ta riƙe shi. 'Yarmu Ailbhe tana Galway, saura mata wata biyu ta gama karatun jinya, kuma har yanzu in ta zo gida da buhun wanki take zuwa.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna, tunda duk Lahadi muna magana a waya. Dalilin shi ne, a waya kai gwanin zamewa ne. Da zarar na taɓo magana mai nauyi sai ka tambaye ni wa ya ci ƙwallo, ko ka ce layin ba kyau. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse mata magana. Saboda haka ka nemi wuri ka zauna, ka saka tabaranka, ka karanta har ƙarshe kafin ka fara gunaguni.

Bari in fara da Baba. Likita ta zo ranar Talata ta makon jiya ta duba shi, ta ce zuciyarsa ta gaji. Ba ta sa rana ba. Amma da na raka ta mota na tambaye ta ko zai kai Kirsimeti, sai ta riƙe hannuna ta ce in kira duk wanda ya kamata in kira. Ban faɗa maka a waya ba, domin yana zaune kusa da ni. Shi kam yana nan da bakinsa. Ya ce wa likitar wai shekara tamanin da tara zuciyar nan tana aiki ba hutu, in ita ce aka sa wannan aikin da tuni ta kai ƙara. Hannun hagun da ya shanye bai dawo ba, shekara biyu ke nan rabonsa da danna tsirkiyar goge. Ƙafar dama ce kawai ba ta san ya tsufa ba. Ko rediyo aka kunna sai ka ga tana bugun ƙasa a ƙarƙashin bargo.

Maganar da ta sa na ɗauki biro a kan kiɗansa ce, wanda duk yankin nan ake kira da sunansa, kiɗan Manus, na rawar bibbiyu. Kai ka ajiye goge tun ina ƙarama, sai abin ya faɗo kaina. Ka tuna gogen gwangwanin nan da wani maƙeri mai yawo ya ƙera wa kakanmu, wanda ake ba yara don kada su kashe wa mutane kunne? A kansa na koya, ina 'yar shekara takwas, gwiwata tana gogar gwiwar Baba a kicin. Ka san yadda yake koyarwa, babu takarda babu bayani. Zai yi gaɓa ɗaya ka maimaita. In ka kuskure ya sake yi bai ce uffan ba. In ka kuskure sau uku ya miƙe ya ce zai je ya duba tumaki, ka zauna kai kaɗai da kunyarka. Don tsoron kada ya tafi duba tumaki, komai nasa na kwashe, har da yadda yake karkatar da kai. Cikin abin da na kwashe akwai wani ɗan shiru. In an gama kashin farko za a shiga juyi, Baba yakan ɗaga bakan gogen daga kan tsirkiya, goge ya yi tsit, ƙafa kaɗai ta bugi ƙasa sau biyu, sannan ya faɗo cikin kiɗan. Haka na ji, haka na riƙe.

Shekara ashirin da shida ke nan ina koyar da yara duk safiyar Asabar a zauren coci. Sun haura ɗari biyu waɗanda suka bi ta hannuna, wasu yanzu 'ya'yansu nake koya wa. Kowane ɗayansu sai da na tsaya a kansa kan shirun nan. In yaro ya cike wurin da wani ɗan ado na kansa, sai in buga baka a kan kujera in ce ba a gabana ba, a ɗaga hannu a bar ƙafa ta ƙirga biyu. Har suna na raɗa masa, wai numfashin Manus. Baƙin da ke zuwa mana koyo da rani daga Jamus da Japan kuwa, nakan tsaya gabansu ina hura hanci, in ce musu wannan shirun shi ne tambarin garinmu, a cikinsa masu rawa suke juyawa. Wani Bajamushe har rubutawa ya yi a littafinsa ya ja layi a ƙasa. Allah ya sani, Yaya, da zuciya ɗaya na faɗa, ni kaina na yarda da abin da na ƙirƙira.

To, ranar Asabar, mako biyu da suka wuce, na kai Sorcha gasar gunduma, 'yar Maura Cunnea mai kanti, wadda kuka yi aji ɗaya. Shekararta goma sha biyar, kuma ban taɓa koyar da hannu irin nata ba. Ta yi kiɗan Baba, ta yi shi yadda har gashin jikina ya tashi. Amma aka ba ta na uku. Alƙaliyar wata tsohuwa ce daga Sligo, mai tabarau da sarƙa, ta rubuta a takardar sakamako wai hannu mai kyau ne, sai dai akwai rami a bakin juyi. Ka san ni ba na iya haɗiye magana. Na tare ta a teburin shayi, a gaban mutane, na ce mata ba laifinta ba ne, mutanen Sligo kiɗa suke yi kamar masu gudun kada bas ta bar su, ina za su san numfashi. Matar nan ko gezau. Ta gama motsa shayinta, ta dube ni ta saman tabarau, ta ce shekara sittin tana sauraron goge, ta san bambancin mai numfashi da mai jiran wani. Sannan ta tambaye ni da wa mahaifina yake kiɗa. Na ce Babana shi kaɗai yake kiɗansa tun da na buɗe ido. Ta ce to, in je in tambaye shi tun yana da rai.

Na dawo gida ina huci, na ɗora buta a wuta, na zayyana wa Baba komai, ina jiran ya taya ni zagin Sligo. Sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, na ba shi ruwa. Da ya samu kansa ya ce ke Nuala, tsohuwar nan ta fi ki kunne, da ma ita na haifa. Butar ta tafasa na sauke. Abin da ya faɗa mini bayan haka kai ka san shi, ni ce duk tsawon raina ban sani ba. Ya ce kiɗan ba nasa ba ne shi kaɗai, na goge biyu ne. Daga bakin Kaka Nabla suka ɗauke shi, ita da ba ta taɓa riƙe goge ba, da baki take yinsa tana wanke-wanke. Suka raba shi da ƙanensa Baffa Packie, shi yana bi ta ƙasa da murya mai kauri, Baffa yana bi ta sama. In an zo juyi na ƙasa yakan dakata, Baffa ya haura shi kaɗai na ɗan wannan lokacin, sannan su faɗo tare. Tun ranar da aka kawo gawar Baffa daga aikin haƙar dutse a Scotland, shekara arba'in da biyar ke nan, bai taɓa sa komai a wurin ba. Yana zuwa nan hannunsa yake tashi da kansa.

Na rasa inda zan sa kaina don kunya. Na tuna Bajamushen nan da littafinsa. Na ce Baba, ka zuba ido na koya wa yara ɗari biyu rami, ba ka ce mini komai ba? Ya ce ai ba ki tambaya ba. Na ce wannan ba amsa ba ce. Ya ɗan jima yana murza bakin bargo, sannan ya ce duk ranar bikin coci, in yaran suka jeru su talatin suka ɗaga baka lokaci ɗaya, yakan ji daɗi ƙwarai, domin gari guda ne yake bar wa Packie wurinsa. Yaya, na fita bayan gida na tsaya wajen igiyar shanya na yi kuka mai isata, Seamie yana leƙo ni ta taga yana zaton gasar ce ta ɓata mini rai.

Da na dawo na ce to ya yi mini na saman da baki, in ɗauka tun da sauran lokaci. Ya gwada sau uku. Duk sanda ya fara sai bakinsa ya gangara kan nasa na ƙasa. Ya ce ya daɗe yana rufe wa na saman ƙofa, yanzu ya kira shi ya ƙi zuwa. Ya ce mutum ɗaya ne a duniya yake da shi, wanda Packie ya koya wa da hannunsa a rumfar shanu, rani biyu a jere. Sai ya ba ni labarin washegarin jana'iza. Ya ce kana shekara goma sha uku, gida cike da mutane, ka ɗauko gogen Baffa ka zauna a bakin murhu ka fara na saman. Ya ce hannun Packie ne sak, har da 'yar gaggawar nan tasa, ya ji kamar ƙirjinsa zai tsage. Ya fizge gogen daga hannunka a gaban kowa, ya ce ba a gidan nan ba, ya ɗora shi saman kabad. Ni lokacin shekarata shida, abin da na riƙe kawai shi ne ranar ba ka ci abinci ba, Mama ta ajiye maka a tanda har ya bushe. Duk shekarun nan na ɗauka ƙwallo ce ta raba ka da goge. Na sha yi maka tsiya a kai, kai kuma ka yi dariya ka bar ni. Ka yafe mini wannan.

Ka san Baba ba ya ba da haƙuri, ko tunkiya ya taka sai ya ce ita ta shigo masa hanya. Amma ranar ya ce bai yi wa yaron nan daidai ba. Haka ya faɗa, yaron nan, kai da kake da furfura da jika. Sannan ya ce in hau kujera in sauko da gogen. Yana nan inda ya ajiye shi, a naɗe cikin tsohuwar rigar sanyin Baffa. Tsirkiya biyu sun tsinke, asu ya cinye gashin baka. Na kai shi Ardara an gyara, an sa sabbin tsirkiyoyi da sabon gashi, na goga masa ƙaro da kaina. Muryarsa tana nan, ta ɗan dishe kamar ta wanda ya tashi daga barci.

Yanzu na san abin da za ka ce, wai ka manta, shekara arba'in da biyar ba wasa ba, hannunka ya saba da bulo da siminti. Kada ka wahalar da kanka, domin ina da laifin da zan amsa. Duk Lahadi in ka kira na ce bari in ɗauko Baba, nakan ajiye wayar a kan tebur in je in turo kujerarsa daga ɗaki. In na dawo nakan tarar kana fito ta tsakanin haƙora, kana jira. Kullum abu ɗaya kake yi, kuma da ka ji motsina kake dainawa. Shekara da shekaru ina jinsa ban taɓa kawo komai a raina ba. Ranar Juma'a ina feraye dankali sai na ji ni kaina ina wannan fiton naka, ƙafata kuma tana bugun kiɗan Baba, suka zauna a kan juna daram. Wuƙar ta faɗi daga hannuna.

Saboda haka Lahadin da ta wuce na yi maka wayo. Da ka kira, Baba yana kicin tuni. Na ce bari in ɗauko shi, sai na ƙara muryar wayar na ɗora ta a kan bargon cinyarsa, na sa yatsa a baki. Ka yi tari, sannan ka fara. Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Ya rufe ido, ƙafar ta kama aiki. Ka yi kashin farko sau biyu, kamar yadda ake yi. Ka zo juyi, ƙafarsa ta buga ɗaya, ka fara haurawa, sai ka tsaya cak ka ce Nuala kina nan kuwa. Daga nan kuka yi minti goma kai da shi kuna maganar ruwan sama da zafin Perth, kamar yadda kuka saba. Na ji kamar in haɗa kawunanku in gwara. Da aka kashe wayar ya ce yaron nan yana gaggawa, sak Packie, a faɗa masa ya riƙa jiran na ƙasa. Ya fyace hanci ya ce hayaƙin murhu ya yi yawa, alhali ko wuta ban hura ba ranar.

Kada ka ce za mu yi ta waya. Na gwada da Ailbhe daga Galway, nan kusa, sautin yana zuwa a makare, sai ka ji kamar mutum biyu suna rigima. Daga Perth kuwa ba a magana. Kada kuma ka ce za ka naɗa ka aiko mini. Gaskiya ne in ka aiko zan ɗauka cikin kwana ɗaya, in koya wa Sorcha, kiɗan ya tsira, kuma ina so ya tsira, ko don in wanke kunyata a gaban matar Sligo. Amma ba wannan Baba yake jira ba. Bai ce in rubuto maka ba, in ya san na rubuto ma sai ya yi mini faɗa. Abin da ya yi kawai, ya hana a mayar da gogen Baffa saman kabad, ya ce a bar shi a kan tebur ya sha iska. Kwana biyar ke nan muna cin abinci muna zagaye shi.

Ba na cewa ba a yi maka laifi ba. An yi maka, kana yaro, kai ma kuma mutuwar ta taɓa ka, ba wanda ya tambaye ka. Ban san nawa ne cikin tafiyarka ya samo asali daga ranar nan ba, ba kuma zan tambaya ba. In ka zo ba sai kun yi wata doguwar magana ba, na san ku, ba za ku iya ba. Ka zauna a bakin murhu kawai ka ɗauki gogen. Ni zan bi ta ƙasa, tunda ashe ita na iya duk shekarun nan ban sani ba. In yatsunka sun yi tauri su yi, in ka kuskure sau uku ma ba shi da ƙafar da zai tafi duba tumaki. Ɗakinka yana nan, sai dai in kwashe kayan ɗinkina. Seamie ya ce zai ɗauko ka daga Dublin, ko da wane lokaci jirgi ya sauka. Ina roƙonka kada ka ce sai Kirsimeti. Ina kewarka, Yaya, kuma ina jin tsoro.

Ka gaishe mini da Lorraine, ka ce na gode da hotunan, ka kuma ba ta takardar nan ta karanta, don na san ita za ta tura ka in ka tsaya taurin kai. Ka gaishe da ɗanka Declan da matarsa Priya, ka sumbaci jikanka Oisin a madadina, ka gaya wa 'yarka Tara har yanzu ina jiran ta cika alkawarin zuwa. Seamie yana gaishe ka, Ailbhe ma haka. Gwaggo Cassie ta ce in tambaye ka ko har yanzu kana jin Turancin mutane ko ka koma na can gaba ɗaya. Maura Cunnea ta ce ka taɓa cin bakin fensirinta a aji uku, ba ta manta ba. Allah ya tsare ku, ya kawo ka lafiya.

Duk yamma bayan shayi ina yi wa Baba kiɗan, don shi yake roƙa. In na zo juyi nakan ɗaga baka, ƙafarsa ta buga biyu kamar kullum. Sai dai tun ranar Lahadi, a cikin biyun nan, yana juyawa ya dubi ƙofa.

Taka ƙanwa,
Nuala